Shekarar da Malam Ya Sauke Lilo

Da niyyata in wuce shekarar lilo da layi biyu a tarihin nan da nake rubuta muku, in tafi ga abin da ya biyo baya. Sai ga jikata Safiya ta dawo daga makaranta kwanan baya idonta ya yi ja, wai wata 'yar ajinsu ta ce mata lilon kakanta ya taɓa kashe yarinya a Rogo. Na tambaye ta sunan yarinyar da ta mutu, ta ce ba a faɗa mata ba. Ba za a faɗa mata ba kuwa, domin babu ita, ba a taɓa haifar ta ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo. Mutumin nan yana kwance a kabarinsa, ba shi da bakin kare kansa, ni kuwa ina nan da raina da hankalina. Don haka ku zauna ku karanta, ku 'ya'yana da ku jikoki, daga bakin wadda aka yi abin a tsakar gidanta.

Mahaifinku Malam Idi mai walda ne, ƙofofi da tagogi da garmar shanu su ne cinsa da shansa. Lilo kuwa son zuciyarsa ne. Tun yana saurayi ya ga irinsa a birni, ya tsaya yana kallo har motar Rogo ta tafi ta bar shi. Bayan aurenmu ya shekara biyu yana tara bututun ƙarfe a zaure, ni ina mita ina cewa ya mayar mana da gida bola. Da ya gama haɗawa sai ga wata ƙatuwar ƙafa kamar ta keke, tsayinta ya wuce katangar masallacin unguwa, da kujeru takwas a rataye, kowace tana ɗaukar yara biyu. Kowace kujera da sandar ƙarfe da ake rufewa a gaban yaro, da sakata. Ba inji, da hannu ake juyawa, shi da ƙaninsa Garba. Ƙaramar Sallah ya kai shi Ƙaraye, Babbar Sallah ya kafa shi a filin bayan kasuwar Rogo. Yara daga Rogo Ruma da Falgore a ƙafa suke zuwa da kayan Sallarsu. Shekara goma sha biyar ana haka, ko ƙwarzane ba a taɓa samu ba. Ni dai ban taɓa hawa ba, matar aure ina ita ina lilo. Daga tsakar gida nake jin ihun yara, in san sana'ar Malam tana tafiya.

Yana da wata al'ada da mutane suke yi masa dariya a kanta. Ana saura kwana uku Sallah, in ya kafa lilon ya ɗaure notina ya shafa giris, ba ya yarda ɗan mutum ya hau. Sai ya ɗebo buhunan masara daga rumbu, ya zaunar da buhu ɗaya a kowace kujera kamar baƙi, ya rufe sakata, shi da Garba su yi ta juyawa da ƙarfin da ba za su taɓa yi da yara ba. Abokan wasansa sukan tsaya suna tsokanarsa, wai Idi ya fara yi wa masara yawon Sallah. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum.

"In akwai abin da zai faɗo, gara ya zama abin da zan iya sharewa da tsintsiya."

A shekarar da nake ba ku labari, ɗaya daga cikin buhunan ɓera ya huda shi, masara tana zuba. Malam ya leƙo ya ce in ba shi wani tsumma ya naɗe. Ni kuma hannuna yana cikin ƙullu, na ce wa autarmu Ummi ta ɗauko tsohon zanen da ke kan igiya. Ummi shekararta takwas lokacin. Zanen nan atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, ankon bikin 'yar wani attajiri da aka yi shekara biyu kafin nan, bikin da mata suka zo daga ko'ina har Kurugu. Kusan kowane gida a yankinmu akwai atamfar nan, uwa ta yi zane, ragowar a ɗinka wa yarinya riga. Ummi ma tana da tata. Da hannuna na taya shi naɗe buhun, na ɗaure bakinsa da ƙulli biyu, har na ce masa ga amaryarka nan, a kula da ita.

La'asar sakaliya ya dawo da zanen a kafaɗa, duk ƙasa, fuskarsa kuwa wasai kamar wanda aka yi wa albishir.

"Rabi, yau buhu ya yi aikinsa. Sakatar kujera ta biyar ta ci, ban gani ba. Muna cikin juyi ta buɗe daga can sama, amaryarki ta faɗo."

Na ce, "Innalillahi! Da yaro ne fa, Malam?"

"Ai shi ya sa ba yaro ba ne. Na sauya ta, na sauya sauran bakwai ɗin ma. Zubo min ruwa."

Muka yi hamdala, na wanke zanen na shanya. A wurinmu magana ta ƙare ke nan.

Ashe wani daga cikin masu kallo ya ɗauka da waya daga nesa. Shekarun nan ne manyan wayoyi suka fara yawa a hannun mutane, kowa abin da ya gani sai ya tura. Washegari da hantsi yayata Talatu ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba, mayafi a hannu, tana kiran sunan Ummi. Da ta gan ta zaune tana tsince shinkafa sai ta durƙushe ta rungume ta tana kuka. Sannan ta miƙo min wayar ɗanta. Na ga lilon Malam yana juyi, na ga wani abu shuɗi mai zanen ganye ya rabu da kujera ya juya a iska ya bugi ƙasa. Daga nan hoton ya yanke, sai ga wani wuri dabam na ƙasar waje, irin jirgin ƙasan wasan nan da ke gudu a kan dogo can sama yana kifewa da mutane, ya tsaya cak kawunansu a ƙasa, mata suna ƙwala ihu. Wani ya haɗa su wuri ɗaya, ya ɗora ihun can a kan faɗowar buhunmu, ya sa muryarsa yana cewa iyaye a yi hattara, yarinya ta rasu a lilon Rogo.

Da farko dariya na yi. Na nuna wa Yaya Talatu zanen a kan igiya, na ce ga gawar nan tana shan iska. Amma kafin azahar dariya ta ƙare. Duk wadda ta ga bidiyon ta gane atamfar, domin tana da irinta a akwati. Mutanen Falgore suka ce yarinyar 'yar Kurugu ce, na Kurugu suka ce 'yar Rogo Ruma ce, na Rogo Ruma suka ce ai 'yar mai lilon ce da kanta, Allah ya kama shi a gidansa. Mata uku suka shigo min gaisuwar mutuwa, na shimfiɗa musu tabarma, Ummi ta kawo musu ruwa. Suka sha, suka yi ta salati, amma ina kallon idonsu na san ba su sauke maganar ba. In ba wannan ba ce, to wata ce, haka suka fita da ita.

Da yamma wani gidan rediyo na birni ya kira Malam a waya. Ina zaune kusa da shi, na ji duk abin da ya faɗa. Ya yi musu bayanin buhu, ya yi bayanin zane, ya ce su zo su ga masarar. Mai tambayar ya ce shi dai abu ɗaya yake so ya sani, sakata ta buɗe ko ba ta buɗe ba? Na yi ta yi wa Malam alama da hannu. Kun san halinsa, ko za a yanka shi ba zai lanƙwasa magana ba.

"Ta buɗe," in ji shi. "Don haka ake gwaji."

Washegari da safe, lokacin da kowane mai shayi ya kunna rediyo, aka sa muryarsa. "Ta buɗe" kawai aka bari. Aka ce mai lilon ya amsa da bakinsa, ana kuma ci gaba da bincike a kan yarinyar. Sai aka buɗe layi, mutanen da ba su san hanyar Rogo ba suka yi ta kira. Wani ya ce a ƙasashen da suka ci gaba ma abin nan yana hallaka mutane, balle na wani mai walda a ƙauye. Wata ta ce a kama shi. Malam yana zaune da kofin kunu a hannu har ya huce bai kai baki ba. Don in yi musu adalci, sun gyara daga baya. Bayan Sallah da kwana biyu, da tsakar rana, wani ya karanta layi ɗaya cewa an gano buhu ne. Ban san wanda ya ji ba in ban da ni.

Ranar jajibiri mai unguwa ya aiko aka kira shi. Mutumin kirki ne, ya je filin da kansa, ya taɓa sababbin sakatun, ya ga ragowar masara a ƙasa da kaji ba su gama tsincewa ba. Ya ce shi bai hana ba, ba kuma zai hana ba, amma ba shi da ikon kamo ɗan kowa ya ɗora. Ku riƙe wannan, domin masu cewa hukuma ce ta rufe lilon su ma ba su san komai ba.

Ranar Sallah aka sauko daga Idi, aka yi yanka, ina ta fama da kayan ciki, kunnena yana fili. Shekara goma sha biyar na saba, kafin a gama fiɗa ihun yara ya fara tashi. Ran nan shiru. Garba ya ba ni labari daga baya, yaran sun zo, sun fi na kowace shekara yawa ma, amma sun yi da'ira daga nesa suna nuna kujera ta biyar da yatsa. In wani ya matso sai yayarsa ta fizgo shi. Malam ya sa sabuwar shaddarsa, ya tsaya riƙe da ƙarfe yana murmushi yana kiran su da sunayen iyayensu, ba wanda ya taka.

Bayan azahar ya shigo. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin madafa inda nake suya.

"Rabi, ina so ki ba ni Ummi."

Na gane sarai, amma na ce, "Ka kai ta ina?"

"Ta hau. A kujera ta biyar. In suka ga 'yata a sama da idonsu, magana ta mutu. Zagaye uku kawai."

Ummi tana jin haka ta yi tsalle ta nufi takalminta. Tun tana shekara huɗu take hawa, ita ce ma take fara hawa kowace Sallah bayan buhuna.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba. A kwana biyun nan na karɓi wayar ɗan Yaya Talatu na ajiye a wurina, wai don in nuna wa masu zuwa ƙaryar da ke ciki. Amma ni nake kallo. In na shiga ɗaki ɗauko gishiri sai in kalla, in na idar da salla sai in kalla. Na fi sau talatin. Ni na ɗaure buhun nan, na san ƙullina, ina iya ganin sa a hoton. Duk da haka, tun ina ganin buhu har na daina ganin buhu. Abin yana juyawa a iska sai in ga hannu, in ga ɗan kwali, in ji ihun matan can na ƙasar waje kamar daga bakin 'yata yake fita. Kaina ya san gaskiya, cikina ya ƙi yarda. Da Malam ya ce kujera ta biyar, sai na juya wajen Ummi.

Na ce, "Ummi, ajiye takalmin nan."

Malam ya ce, "Rabi, ke fa kika naɗe shi."

"Na sani."

"Kin san na sauya sakatun."

"Na sani, Malam. Ka yi haƙuri. Ba za ta hau ba."

Na zaci zai yi faɗa, har na shirya amsa, don ni ma bakina ba ya mutuwa. Iko nasa ne, da ya kama hannunta ya fita ba abin da zan iya. Sai ya tsaya yana kallona, kallon da har yau ban manta da shi ba. Ya ɗauki tsoka ɗaya daga cikin kwano, ya miƙa wa Ummi da ke kuka, ya shafa kanta, ya fita. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Duk garin sun ƙi yarda da aikin hannunsa, ya zo gida wurin mutum ɗaya da ta san komai, ita ma ta bi sahunsu.

Washegari ya hau da kansa, Garba yana juya shi. Babban mutum da gemu shi kaɗai a sama, samari suna dariya suna ɗaukar sa a waya. Rana ta uku ma ya je ya tsaya har magariba. A gida bai canza min fuska ba, yana cin abincina, yana yi min sannu, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. A daren ukun ya ce wa Garba ya zo da sassafe da sifana, za su kwance.

Da gari ya waye, bayan ya fita, na kasa zama. Na mayar wa Yaya Talatu wayar ɗanta, na zura hijabi na nufi filin, ni da ban taɓa taka shi ba. Garba bai iso ba tukuna. Malam yana tsugune yana jera sifanu a kan buhu, ba kowa sai awaki. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe da sauri.

"Lafiya? Wani abu ya samu yaran?"

Na ce, "Lafiya lau. Wace ce ta biyar?"

Ya nuna min. Na tattare hijabina na zauna. Na ce ya rufe.

"Rabi, ke da girmanki? In wani ya gani fa?"

"Su gani. Ai ganin nake so su yi, na dai makara. Rufe, Malam, kafin in canza shawara."

Ya rufe sandar, ya tura sakata, ya jijjiga ta sau biyu. Sannan ya kama ƙarfe ya fara turawa a hankali, yana nishi, don ni ba nauyin yara biyu ba ce, ya kuwa faɗa min hakan. Ƙasa ta fara nisa. Na runtse ido ina karanto duk addu'ar da na sani. Da na ji an tsaya na buɗe, sai ga ni a can ƙoli, ya tokare ƙafar da kafaɗarsa. Na ga rufin kasuwa, na ga gonakin dawa kore shar har inda ido ya ƙare, na ga tsakar gidanmu da turmina a kife da Ummi tana shara, ƙanƙanuwa. Shekara goma sha biyar abin da yake nuna wa 'ya'yan mutane ke nan, ni ina ƙasa ina mitar ƙarafa. Kujerar ko motsi ba ta yi. Na fashe da kuka, na kuma ji ina dariya.

Ya ɗago kai ya ce, "Yaya dai, Hajiya? A sauko da ke?"

Na ce, "Bar ni tukuna."

Da ya sauko da ni bai buɗe sakatar nan da nan ba. Ya dafa sandar, yana haki, muna kallon juna. Na ce masa ya yafe min, ya bar lilon a tsaye, yanzun nan zan je in kawo Ummi da hannuna, in zauna a gefe kowa ya gan ni. Ya girgiza kai.

"Ba abin da kika yi min, Rabi. Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa Garba ba. Ni ma na kalli abin nan, na kalla har ban san adadi ba. Ran Sallah da na fito daga gida ba tare da yarinyar nan ba, ina tafe ina jin wani sanyi a raina. Daɗi na ji da kika hana. Na san ƙarfen nan lafiyarsa ƙalau, ga shi kin hau. Amma hannuna ya riga ya koyi tsoro, kuma mai juya yara ba ya yi da hannu mai rawa."

Na ce tsoron zai wuce, a bar shi zuwa baɗi.

"Wataƙila. Amma mutumin da ya ji daɗi an hana shi ɗora 'yarsa, da wane ido zai ce wa wani kawo taka?"

Ya buɗe sakatar, ya riƙe hannuna na sauko, abin da bai taɓa yi a waje ba tun da aka ɗaura mana aure. Muna tsaye a haka Garba ya ɓullo daga bayan kasuwa, ya gan mu, ya juya baya yana gyara hular da ba abin da ya same ta.

Kafin azahar sun kwance shi. Malam ya koma kan ƙofofinsa da tagoginsa har ƙarshen ransa, bai ƙara haɗa lilo ba, kuma in ana hirar Sallar da a gabansa sai ya tashi ya ce zai duba wani aiki. Na san abin ya ci shi, ni ma ya ci ni.

To, Safiya, in 'yar ajinku ta sake tare ki, kada ki yi kuka, kada kuma ki yi faɗa. Ki ce mata ba wanda ya taɓa mutuwa a lilon kakanki. Ki ce mutum na ƙarshe da ya hau kakarki ce, a kujera ta biyar, kuma da za a ba ta zaɓi da ba ta sauko ba.